Buhun da Yaya Ummaru ya cire daga bakin inji

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar yayana Ummaru, mai injin niƙa a Kebbe. Jikansa Nasiru ne ya tayar mini da kewarsa. Zai kafa injin casar shinkafa a Tambuwal, ya zo yana nuna mini hotunan na'urorin zuƙe ƙura, wata mai fanka da bututu, wata mai jerin buhunan tacewa, wai in taya shi zaɓe. Ni tsohon malamin makaranta, me na sani? Amma da na ga buhunan nan sai idona ya cika.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Yaya ya kawo injinsa daga Sakkwato. Injin ya zo da wani dogon buhun tamfol da ake ɗaurawa a sama, yana kama lallausan garin da ke tashi don kada mai niƙa ya shaƙa. Da yamma a kan zazzage kusan ƙwarya guda daga ciki. Daga nan magana ta soma yawo a gidaje, wai Ummaru ya kafa wa garin mutane tarko. Ya gwada raba wa masu niƙa abin da ya taru, aka ce an haɗa geron wance da dawar wance, kuma wa ya ga abin da ya rage a ciki?

Yaya mutum ne da ko tsinke ba ya ɗauka in ba nasa ba. Rannan bayan sallar Juma'a ya kwance buhun. Na yi masa magana, ya ce, "Mi kaka so in yi, Malam? Garin ga na mutane na. Ba ni tara haƙƙi bisa kaina."

Tun daga ranar yake fitowa fari fat har gashin ido, muna tsokanarsa da angon gari, yana dariya. Tari ya biyo baya. A shekarunsa na ƙarshe ba ya iya kai ƙarshen Fatiha sai ya tsaya ya huta, kuma ni ne nake tsayawa kusa da shi a sahu ina jin yadda ƙirjinsa ke ƙara.

Da zai ga hotunan Nasiru yau, na san ba ƙarfin fanka zai tambaya ba. Cewa zai yi, abin da na'urar ta tara na wane ne? Don haka na ce wa yaron ya ɗauki wadda ake buɗewa a gaban mai kaya, kuma komai za a faɗa kada ya cire ta.

Har yanzu tsofaffin Kebbe suna yabon amanar Ummaru, ina jin daɗi ina cewa amin. Amma Allah ya sani, da ni aka ba zaɓi, da na zaɓi yayana ya tsufa tare da ni, ko da ana kiransa ɓarawon gari. Allah ya jiƙansa.