Malamar da Ta Koya Mana Cewa A'a

"A'a," in ji Malama Kuramochi Fusae.

Shugaban makarantar koyon Turancin ya ɗago kai. Umarninsa a fili yake: ta sallami duk ɗalibin da ya haura shekara sittin, domin tsofaffi ba sa cin jarrabawa, suna rage wa makarantar kwarjini a talla.

"Kina nufin abin zai ɗan yi wuya," ya ce, yana ba ta hanyar janyewa da mutunci.

"Ba wuya zai yi ba, ranka ya daɗe. Yi ne ba zan yi ba."

"Da aikinki fa kike wasa, Malama."

"Na sani."

A garinmu ba a ce wa na gaba a'a. Sai dai a ja iska ta tsakanin haƙora, a ce za a duba. Shekara ashirin da uku ke nan da wannan magana. Da watan Afrilu ya kama, makarantar ta ƙi sabunta mata takardar aiki. Ita kuwa ta tattara tsofaffinta goma sha ɗaya, ta haura da su saman wani shagon awara kusa da tashar jirgin ruwa.

Tun daga nan, duk Talata da Asabar da hantsi za ka gan ta a kan keke, ƙaramin allo a kwando. Takan riga kowa zuwa, ta jera matasan zama, ta ɗora shayi. Darasinta ba daga bugaggen littafi yake fitowa ba. Tambaya ɗaya take buɗe aji da ita: "Wace magana ce ta maƙale muku a wannan makon?" Direban tasi ya faɗi tasa, mai sayar da tikiti ta faɗi tata, mai kantin magani ya kawo tasa. Abin da za a koya ke nan ranar.

Dattijo Onizuka, tsohon mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa, ya taɓa shigowa yana taƙama wai ya yi hira da wani baƙon matuƙi, har ya gaya masa a "mansion" yake zaune. Haka dai muke kiran gidajenmu na bene. Malama ta bayyana masa cewa a bakin masu harshen, kalmar na nufin katafaren gida irin na attajirai.

"Shi ya sa yaron ya yi ta rusuna mini," in ji dattijon.

Matarsa Setsu, da ke gefensa, ta ce, "Katafaren gidan da in ka yi atishawa maƙwabci ke ce maka sannu? To mai fada, yau ma kai ne da fitar da shara."

Amma darasin da ya fi ba su wuya shi ne mafi gajarta. Takan tsayar da su biyu-biyu, ɗaya ya miƙa abu, ɗaya ya ƙi karɓa da Turanci, ba murmushi, ba sunkuyawa, ba "za a duba". Manya masu jikoki sukan yi gumi a kan kalma ɗaya. "Wanda ya zo daga nesa ba ya jin shirunku," takan ce. "In kun gyaɗa kai don ladabi, shi amincewa ya gani."

Mahaifiyata Tomie, mai shagon taliya a bakin tasha, tana cikin masu gumin. Bara wata baƙuwa ta shigo da ɗanta ƙarami, ta yi bayani da Turanci da sauri cewa jatan lande na kumbura masa maƙogwaro. Kwano na gaban yaron ta tambaya, "Babu shi a ciki, ko?" Kan mahaifiyata har ya fara gyaɗuwa yadda ya saba shekara sittin. Sai ta janye kwanon, ta ce da Turanci, "A'a. Kada ya ci. Akwai shi a romon." Masunta uku na zaune, sun gani.

Ko ƙyallen aiki mahaifiyata ba ta cire ba ta haura benen Malama ta ba da labari.

"Kin yi murmushi?" Malama ta tambaye ta.

"Ko kaɗan."

"To ke kam kin gama makaranta. Amma ki zo Asabar, har yanzu lissafin kwanakinki a karkace yake."

Malama, ke ce kika ɗauki mutanen da aka ce ƙwaƙwalwarsu ta rufe, kika sa musu magana a baki. Ke ce gishirin da ba a gani a miya. Babu allon talla mai hotonki, amma a tasha da kasuwa da asibitin garin nan muryarki ce ke fita daga bakin mutane in baƙo ya tsaya yana neman taimako.

Ƙarshen watan nan Malama za ta sauka, tana da shekara saba'in da huɗu, gwiwoyi sun ƙi benen. Mun gode, Malama, godiyar da ba mu iya faɗa da kowane harshe ba. Ku kuma masu ilimin garin nan, ɗakin yana nan, ɗalibai goma sha tara na jira. Wani ya hau.

Sai dai ya hau da sanin abin da ta biya. Ta rasa fanshon cikakken ma'aikaci. Abokan aikinta sun daina aiko mata katin sabuwar shekara. A shekarar da ta ƙi umarnin, sunanta ne na farko cikin waɗanda makarantar za ta tura Ingila ƙaro ilimi, aka soke shi. Ta koyar da Turanci shekara arba'in da shida, ba ta taɓa taka ƙasar da ake yin sa ba.