Aninan Rufin Ɗakin Kaka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da muka kware rufin ɗakin kakarmu saboda anini, wannan sai dai a binne ni da ita. Ni ban yi boko ba, ɗan yaƙi da jahilcin da na taɓa ne nake lallaɓawa da shi, don haka in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri.

Ana gab da samun mulkin kai abin ya faru, a ƙauyenmu da ke gefen Durba, ƙasar Kibiya. Shekarar ce aka fito da sabon kuɗi, har da wani taro, wato kwabo uku, mai kusurwa-kusurwa kamar ɓera ya gaggatsa shi. Aka ce anini ba ya cikin sabon kuɗin, kwanansa ya ƙare. Wanda bai san anini ba, wani ɗan mitsitsin kuɗi ne mai huda a tsakiya, sai ka tara goma ka sami kwabo. Ko a lokacin ma ba ya sayen komai sai ɓacin rai.

Baffana, ƙanin mahaifina, dillalin gyaɗa ne, kuma shi ya fara rufa kwano a ƙauyen. Ɗakin uwarsa ya rufa wa. Mutane suka ce ɗa na gari, mu da ke cikin gidan mun san don ɗakin ne ya fi kusa da hanya, mai wucewa zai ga ƙyalli. Kafintan da ya zo daga Rano ya ce ƙusa ba ta riƙe kwano ita kaɗai, in iska ta jijjiga shi sai ya yage ya fice, dole a sa ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin kanta. Na kanti da tsada. Sai Baffa ya kwaso aninai cikin gwangwani, kowace ƙusa aka zura mata ɗaya. Haka rufin ya yi shekaru, ko ɗigo ba ya yi.

Ran nan sai ga wani Baturen gona ya zo duba irin gyaɗa, shi da tafintansa. Zafi ya sa ya raɓe a inuwar ɗakin Kaka, ya ɗaga kai, sai ya tsaya. Ya sa aka kifa masa turmi, ya hau, ya zaro wani gilashi daga aljihu yana leƙen bakin rufin kamar mai neman kwarkwata. Ya nuna ƙusa ɗaya, aka zare. Ya juya aninin, ya yi dariya shi kaɗai, ya miƙa wa Baffa sule guda. Sule fa, kwabo goma sha biyu, a kan anini!

Tafinta ya ce mutumin tara tsofaffin kuɗi yake yi, yana so ya cika akwatinsa kafin ya koma ƙasarsu. Wannan kuma sunan wani sarkinsu ne a jiki, wanda bai daɗe a gadon sarauta ba ya ajiye ta saboda wata mata.

Kaka tana ciki tana ji. Ta ce, "Ya bar sarauta saboda mace? A kawo mini matar nan in ga abin da take dafawa."

Liman yana wurin, ya karɓi aninin ya duba, don akwai ɗan rubutun Larabci a jikin anini. Bature ya karɓe abinsa, ya ce ranar kasuwar Rano mai zuwa zai dawo, duk wanda aka samu irin wannan, sule ne.

Ranar nan Baffa bai ci tuwo ba. Tsayawa ya yi a tsakar gida yana kallon rufin, leɓensa na motsi. Matsalar ita ce a lokacin duk gidan, har da ni, babu mai karanta rubutun Nasara, balle ya gane sunan sarkin da mace ta kora. Washegari ya sa na zaro masa wasu daga gefe, ya kai wa Liman.

Liman ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Larabcin dai iri ɗaya ne da na jiya, ko ɗigo bai bambanta ba. Amma na Nasaran ban san shi ba."

Rabin farko kawai Baffa ya ji. Ya dawo gida yana sassarfa, wai duka irinsu ne, Malam ya tabbatar.

Na ce, "Baffa, damina fa ta kawo kai, jiya ma an yi walƙiya a gabas."

Ya ce, "Kai da noman shekararka bai ishi akuya ba, kai ne za ka koya mini neman kuɗi? Hau ka cire. In Bature ya biya, sabon kwano zan saya, har jakinka sai ya sami ɗaki."

A zamanin ƙanin uba in ya ce hau, hawa ake yi. Na hau da ƙatuwar guduma da wani guntun ƙarfe. Aka ce wa Kaka ta fito ta zauna a ɗakin matar Baffa kafin a gama, ta ce ko gawarta sai ta yi gardama. Ta zauna a bakin gadonta da carbi, ƙura na zubo mata, tana jan carbin tana zagi, kowane da lokacinsa.

"Kai dillali! Gyaɗar ta ƙare ne ka koma sayar da uwarka? Da na sani ranar da na haife ka da barci na yi."

Muka zare ƙusoshin kaf, muka mayar da kwanon muka danne da duwatsu, wai na ɗan lokaci ne. Aninan suka fito baƙi ƙirin, tsatsar ƙusa ta ci su, wasu guduma ta lanƙwasa. Baffa ya ce abin kunya ne a kai wa babban baƙo kaya haka. Matarsa ta jiƙa su a ruwan tsamiya, ta dirje da toka da yashi kamar tana wanke gindin tukunya. Suka yi fes, har ido ba ya iya kallonsu a rana. Aka shanya a faifai, aka sa wa kaji ido.

Ranar kasuwa tun hantsi Baffa ya sa babbar riga. Bature bai iso ba sai la'asar, lokacin gabas ta yi baƙi. Aka ajiye masa faifai. Ya zaro gilashinsa, ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wani, sai na ga wuyansa ya yi ja kamar na zakara. Ya ware 'yan kaɗan gefe, ya dube su, ya dafe kai.

Tafinta ya ce, "Ya ce wa ya aike ku ku wanke?"

Baffa ya ce, "Ka gaya masa girmama shi muka yi."

"Ya ce waɗannan 'yan kaɗan su ne masu sunan sarkin, sauran aninai ne kawai. Su ɗin ma kun kankare musu fuska. Ya ce da dattinsu yake so, dattin shi ne darajar."

Daga cikin ɗaki Kaka ta ce, "Datti yake saye? Ku kai shi bayan gida mana, mu ma mu yi arziki!"

Tafinta bai fassara wannan ba. Baffa ya bi su har mota yana riƙe da ƙofa. "To a bar sule, a ba da sisi. Taro fa? Ranka ya daɗe, ko kuɗin ƙusa!" Bature ya dubi sama, ya ce in rafi ya kawo ba zai kai Rano ba. Ya taka motarsa.

Baffa ya juyo, ya ga abin da ke tahowa daga gabas, ya kwarma ihu a hau a mayar da ƙusa. Wace ƙusa? Duk mun lanƙwasa su wajen cirewa. Ina sama ina ƙoƙarin miƙe ɗaya a kan dutse iska ta iso. Kwanon da nake kai ya ɗaga da ni, na ce ba da ni ba, na diro cikin turken awaki. Duwatsu suka yi ta gangarowa, kwano ya riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya yana ƙara kamar ana yanka shi. Sannan ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai haushi.

Muka ruga ɗakin Kaka. Tana nan zaune a bakin gado, ta kifa ƙwarya a ka, ruwa na dukan ƙwaryar, sama a buɗe. Tsohuwa ce da ko iskar asuba ke kwantar da ita. Na durƙusa zan goya ta, ta make mini hannu.

"Ba kai ba. Shi. Na goya shi, yau ya rama."

Haka Baffa ya durƙusa cikin taɓo da babbar rigarsa, ya goyi uwarsa. Maƙwabta sun fito tsintar kwano, sai suka tsaya kallo. Ya nufi ɗakin matarsa, ta ƙwanƙwashe shi da ƙwaryar a ƙeya.

"Ba nan ba. Naka."

Ya kai ta soronsa, wanda ko matarsa ba ta shiga sai da sallama. Ta yi kwanaki tana tari, har mun fara fid da rai, sai kuma ta tashi ta nemi fura. Ɗakinta kuwa ruwa ya jiƙa bangon, kafin tsakiyar damina ya zauna. Kwanon da muka samo a gonaki ya nannaɗe kamar tabarma. Falle ɗaya mai lafiya mun gan shi a ƙofar garken wani mutumin Durba, ya rantse daga sama Allah ya aiko masa, kuma gaskiya ya faɗa.

Kaka ba ta sake fita daga soron ba sai ranar da aka ɗauke ta zuwa makwancinta, shekaru masu yawa bayan haka. Baffa a zaure ya koma kwana, tsakanin buhunan gyaɗa da akumarin jaki, in baƙo ya tambaya sai ya ce gadin kaya yake yi.

Yanzu na kai shekarun Baffa na lokacin, na kuma gaji da ganin masu zuwa da mota suna gaya mana cewa arziki na nan a jikin abin da muke zaune a ƙarƙashinsa. Ba na musu da su, wataƙila gaskiya ne. Abin da na koya ɗaya ne: duk wanda zai sa ka taɓa rufin ɗakinka, ka fara tambayarsa inda zai kwana in ruwa ya sauko. In ya ce Rano, ka bar ƙusarka inda take.