Jar Ƙofar da Na Bari a Sito

Ban taɓa mantawa da ranar da na rufe kwantenarmu ta farko zuwa Japan ba, kuma ba don na yi abin arziki nake tuna ta ba. Tun da kun matsa sai kun ji dalilin da ya sa ni da na girmi kowa a ofishin nan ba ni da ikon gyara ko layi ɗaya a takardar lodi, to ku gyara zama.

A lokacin na shekara goma sha ɗaya ina aiki da Alhaji Nasidi a nan Sanyuanli ta ƙasar Sin. Muƙamina shi ne mai kula da lodi. Ga waɗanda suka zo kwanan nan, ga yadda tsarin yake: akawu ne ke rubuta jerin kayan mai kaya, ni kuma in tsaya a sito in duba kowane akwati da jerin, in sa a loda, in ɗaure hatimin ƙarfe a ƙofar kwantena, sannan mota ta ja ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Idan na ga kuskure a jerin kafin ya je hannun kwastan, ina da damar gyarawa da birona, ba sai na tambayi kowa ba. Wannan damar nake taƙama da ita.

Akawunmu shi ne Razak, ɗan zangon Kumasi. Shekararsa biyu kacal da zuwa. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, har mota ma “shi” ce a bakinsa, kuma kullum ina yi masa dariya a kan haka. Ga shi da shegen tambaya. Ko kwalin takalmi aka kawo sai ya ji wa zai sa, a ina, don me.

Aikinmu duk na Legas ne da Tema da Kwatano. Sai ga wata mata 'yar Japan, Madam Harada, wadda wani kafinta ɗan Sin da muke hulɗa da shi, Lawban Chen, wato Maigida Chen, ya turo mana. Tana son a haɗa mata kaya daga masana'antu uku a kwantena ɗaya, a kai wani wurin ibadar mabiya Buddha da ke ƙauyensu. Alhaji ya ce mutum-mutumi ba ma ɗauka, amma katako da dutse babu laifi. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai: wanda ya riƙe wannan aikin da kyau shi zai je Japan ya ga an sauke kayan, kuma duk aikin da zai biyo baya daga can nasa ne.

Wallahi har na fara tunanin rigar sanyin da zan saya. Kashegari Alhaji ya miƙa wa Razak fayil ɗin.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada ce ta kama ni, irin mai hana mutum jin daɗin abinci. In na ji shi yana maimaita gaisuwar Japananci da ya koya a waya, sai in ji kamar in ƙwace wayar in jefa a kwata. Wata rana muna cin shinkafa a ofis ya ce, “Yaya Sabi'u, akwai abu ɗaya a kayan Madam da nake so in yi maka bayani kafin ranar lodi.”

Na ce, “Kai ne za ka koya mini lodi? Kana wasan ƙasa a Kumasi na fara ɗaure kwantena. Ci abincinka.” Ya ci gaba da cin abincinsa.

Ranar lodi ta faɗo wata Talata, sati biyu bayan Babbar Sallah. Aka shigar da fitilun dutse, da wani ƙaton kaskon turare na tagulla, da teburan katako. Sai akwatuna uku na ƙarshe. Na sa aka buɗe. Biyu na ɗauke da wata jar ƙofa a warware, ginshiƙai biyu da sanduna biyu na sama, babu ƙyaure. Na uku kuma wani ɗan ƙaramin gida ne na katako, bai fi akurkin kaji ba. Lawban Chen yana tsaye, sai ya nuna da yatsa ya ce da guntun Turancinsa, wancan duk na Buddha ne, wannan kuma na Shinto, addinin Japan na asali, daban suke.

Na duba adireshi, iri ɗaya ne da na sauran. Na ce a raina, yauwa! Allah ya kama Razak. Ni mutumin Kano ne, na san kowane addini da gidansa. Ba a kai ƙararrawar coci masallaci. Ba shakka yaron nan ya haɗa kayan mutum biyu a takarda ɗaya. Wayata tana hannuna, lambarsa tana ciki, minti ɗaya ya isa in tambaye shi. Ban kira ba, domin ba gyara nake so ba, so nake ya ji kunya a gaban Alhaji. Na ɗauki jan alƙalami na rubuta a jikin akwatunan da manyan baƙaƙe, BA NA WANNAN GIDAN BA NE. Na soke layi uku a jerin, na bar akwatunan a sito, na ɗaure hatimi, mota ta tafi Huangpu.

Ranar Juma'a da safe, jirgi ya riga ya tashi, Madam Harada ta zo ofis karɓar takardu. Na gyara murya na ce, “Ranka ya daɗe, akwai kuskuren akawu da na tare. Da an kai wa mutanen Buddha kayan wani addinin.” Na maimaita da Turanci don ita ma ta ji.

Matar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta tambaye ni, “Ina ƙofar take yanzu?” Na ce tana sito. Ta rufe ido na ɗan lokaci.

Sannan ta yi bayani, Razak yana mayar wa Alhaji da Hausa. Ta ce a harabar wurin ibadar nasu akwai ɗan ƙaramin ɗakin Shinto tun kafin a haifi kakanta, na abin da suke ɗauka shi ne mai tsaron wannan ƙasar, suna ce masa kami. Guguwa ce ta karya shi har da jar ƙofar gabansa. Babban malamin Buddha na wurin da kansa ya yi odar sabo, kuma saura sati biyar bikin kaka da za a kafa shi. Ta ce a wurinsu in an haifi jariri wurin Shinto ake kai shi, in mutum ya rasu malaman Buddha ne ke yi masa jana'iza. A gidan mahaifiyarta ma akwai ɗan kanta na kami a sama kusa da rufi, ga akwatin Buddha na tunawa da magabata a ɗaki, kowanne da safe ana kula da shi. Ta ce an taɓa yin gwamnatin da ta raba su da doka, an rushe abubuwa da yawa, amma a ƙauyuka irin nasu har yau suna haraba ɗaya. Ta ƙare da cewa, “Duk kayan da ke cikin kwantenar za su iya jira. Wannan ne kaɗai ba zai jira ba.”

Alhaji ya juyo ya ce, “Razak, ka san da wannan?”

Ya ce, “Na sani, Alhaji. Ni ma da na ga jerin na yi mamaki, sai na tambayi Madam.”

“Ka gaya wa Sabi'u?”

Razak ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, “Ban samu na yi masa bayani sosai ba.”

Ku ji fa! Rufa mini asiri ya yi. Kuma maimakon in ji sanyi, sai na ji ya ƙara ƙona mini rai, don ko a nan ma ya fi ni. Alhaji ba yaro ba ne. Ya ce, “Sabi'u, ka kira shi kafin ka soke layin?” Na ce a'a. Ya ce, “Me ya hana?” Ya miƙo hannu ya ce in ba shi biron da ke aljihuna. Daga ranar, ya ce, duk gyaran jeri sai da sa hannun akawu.

Razak ya kwana biyu yana zarya tsakanin ofisoshin jiragen ruwa, ko'ina ana ce masa “meyo”, wato babu wuri. Daga ƙarshe wani ɗan zangonsu ya haɗa shi da mai kwantenar da ke da ɗan sarari. Ni na loda akwatunan uku da hannuna, ban ma tuna in goge rubutun ba. Suka isa saura kwana huɗu biki.

Razak ne ya tafi Japan, da rigar sanyi irin wadda na so saya. Ya turo mini hoto: ga jar ƙofar a tsaye cikin itatuwa, ga ɗan ɗakin a bayanta, ga babban ginin Buddha a gefe, wani tsoho mai askakken kai yana share ganye a tsakaninsu. A kusurwar hoton ga allon akwati jingine da bango, rubutuna ɓaro-ɓaro a jiki. Razak ya ce tsohon ya tambaye shi me aka rubuta, shi kuma ya ce masa alamar babban mai lodinmu ce.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, kaya ba naka ba ne, kuma tsarin gidan mai kaya ba na gidanku ba ne. In ka ga abin da bai shiga kanka ba, ka tambaya, ko da wanda zai ba ka amsar ka girme shi da shekara ashirin. Rashin sanin Japan ba shi ya kayar da ni ba, domin Razak ma bai san ta ba. Ni dai na fi son ganin faɗuwarsa a kan ganin kayan sun isa.

Kada ku ɗauka na warke sarai. Har yau in na ji yana waya da Madam yana dariya, wani abu na taso mini a ƙirji, sai in yi a'uziyya in koma bakin aikina. Hoton yana nan a wayata, ban goge ba. Duk ranar lodi kafin in ɗauki hatimi sai na buɗe shi na karanta abin da na rubuta, sannan in kai wa Razak takarda ya sa hannu.