Karen da Ya Ciji Ɗiyar Alhaji Illa

Ko yanzu da na ajiye aiki, ranar da na shiga gidana da ɗan kare cikin kwandon kaji ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo sarwishin kiwo, wato ma'aikatar kula da dabbobi, bayanmu, ku ji yadda aka yi.

Lokacin ina mataimakiya a Tasawa, wato mai riƙe dabba da yi mata allura, ba mai yanke hukunci ba. Da shara na fara a biron nan, wato ofishinmu. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga yaƙi da jahilci, daga baya aka tura ni horo. Hukunci na shef ɗinmu ne, shugaban biron, lokotoron dabbobi, da muke kira Mushe Garba, wato Malam Garba da Faransanci.

Bayan kaka ne, an gama tara wake. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Illa, ya zo biro ya ce direbansa ya kawo masa ƴan karnuka biyu daga Kwatano, irin ƙananan nan na Turawa da ba sa girma. Ɗaya zai riƙe, don ɓeraye sun dame shi a mangazarsa, ɗakin da yake ajiyar wake, kuma autarsa Nana ta ƙwallafa rai. Ɗayan zai ba abokinsa a Mayahi. Yana so a zaɓa masa. Shef zai tafi rigakafin shanu wajen Kanan-Bakashe, sai ya ce in je in duba.

Na same su a tsakar gida. Ɗaya fari ne mai gashi cunkus kamar auduga, sai tsalle da haushi. Ɗayan mai gajeren gashi ne da ɗigon ja a fuska, ba ya zama wuri guda, har ya tone rami ƙarƙashin randa. Na tambayi karne, takardar da ke nuna an yi wa kare allurar hauka. Alhaji ya ce direba a bakin hanya ya saye su.

Na faɗa masa gaskiya. Mai gashin nan, ƙarangiya za ta cinye shi kafin ya kai ƙofar mangaza, ga zafin bazara. Mai ɗigon shi ne na ɓera, amma ba ya son a takura shi. Ban rufe baki ba Nana, yarinya ƴar shekara shida, ta rungumo shi ta baya. Ya juya ya kafa mata haƙori a gindin babban yatsa.

Ciwon bai kai ƙwayar gero biyu ba, amma jini ya fito. Uwarta, Hajiya Zuwaira, ta yi salati. Alhaji ya ɗauki taɓarya. Kun san al'adarmu: kare ya yi cizo, a kashe shi nan take, a jefa bayan gari, hankali ya kwanta.

Na shiga tsakaninsa da karen.

"Alhaji, aje taɓaryar nan. In ka kashe shi, wa zai gaya mana ko ɗiyarka na da lafiya?"

Ya ce in kauce, ba a yi masa haka a gidansa. Na ce ya fara da ni. Na yi masa bayani a tsaye: karen da ya yi cizo tsare shi ake yi mako biyu ana kallo. In yana ɗauke da hauka a ranar cizon, ba zai kai ƙarshen kwanakin ba. In ya kai yana ci yana sha, yarinya ta tsira. Gawa ba ta faɗar komai, sai an kai kanta nesa a auna, a yi ta jira.

Na sa Hajiya ta kawo sabulu da buta, na wanke yatsan har Nana ta gaji da kuka. Aka kai ta asibiti, aka fara mata allura a ranar, suka ce su ma suna jiran labarin karen.

Sai wurin tsarewa. Hajiya ta rantse ba zai kwana gidanta ba. Biro ba keji. Na jefa masa buhu, na sa shi kwandon kaji, na hau kabu-kabu. Maigidana, Malam Idi, yana ganin abin da ke ciki ya tambaye ni ko aikin gwamnati ne ya ce in kori mala'iku daga gidansa. Na ce ɗiyar mutane ce a kwandon nan, ba kare ba. Sai ya ja shimfiɗar sallarsa zuwa zaure. Na ɗaure karen a tsohon akurki na kulle.

Shef ya dawo ya duba shi ya ce na yi daidai. Makon farko lafiya lau. Kullum da safe Hajiya na kirana a waya, ba ta ko gama gaisuwa sai ta ce, "Ya ci?"

Wata safiya a mako na biyu, bai ci ba. Na tura masa ruwa da sanda, ya matso ya ja baya. Baki a buɗe, yawu na zuba, yana kai ƙafa ga fuska. Na taɓa ganin wani makiyayi da haukan kare ya kama, an ɗaure shi da igiya, yana ganin ruwa yana ƙara. Fuskar Nana na riƙa gani a wurin tasa. An yi mata allura, na sani, amma zuciya ba ta jin wannan.

Waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Ban iya yi mata ƙarya ba, na ce bai ci ba, na kira shef. Kafin shef ya iso, ita da Alhaji sun riga shi, ta zauna a ƙasa bakin akurkin da mayafinta.

Mushe Garba ya daɗe yana kallon karen. Ya ce idon bai yi masa kama da na mahaukaci ba, amma ba zai rantse ba sai ya duba bakin. Ya tambaye ni ko zan riƙe. Ina da ƴancin in ƙi, don ba wanda aka yi wa rigakafi a cikinmu sai shi. Na sa safar hannu biyu, na naɗe karen da bargo, na danne wuyansa. Shef ya ce in yi bisimilla in riƙe da kyau. Ya sa itace ya buɗe bakin, ya zura almakashin cire ƙaya, ya zaro guntun ƙashin zabo da ya maƙale a dasashin sama.

Muka sake shi. Ya girgiza, ya nufi kwanon ruwa ya shanye tas. A nan ne Hajiya ta fashe da kuka. Daga zaure Malam Idi ya yi gyaran murya ya ce shi ne ya jefa masa ƙashin jiya, ya ga abin tausayi.

Shef bai yarda an sallame shi ba sai da kwanakin suka cika, sannan ya sa hannu a takardar shaidar lafiyarsa aka kai wa asibiti. Aka yi wa karnukan biyu allura. Alhaji ya ce to wanne zai ɗauka. Na ce maganata ba ta sake ba, mai ɗigon ne na ɓera. Hajiya ta ce ko ɓeraye za su cinye waken duka, wanda ya taɓa jinin ɗiyarta ba zai shiga gidanta ba. Mai gashin suka riƙe, suna kawo mana shi muna aske ƙarangiya. Abokin Mayahi kuma ya ji labari ya ce ya yafe.

Abin da na koya ke nan: mai taɓarya ba mugu ba ne, tsoro ne ke son a gama yanzu. Aikinmu shi ne mu tsaya tsakani mu sa shi ya jira, ko da mu ma muna jin tsoron.

Karen ya tsufa a gidanmu, bakin rumbu. Nana kan zo ta leƙa shi daga nesa. Malam Idi har ya rasu bai taɓa shi ba, amma bai taɓa cin nama bai aje masa tsoka ba, ya cire ƙashin da hannunsa.