Tsohuwar Da Aka Ce Ita Ta Zana Wata

Verna matar yayana Alvin ce. Tun ranar da aka ɗaura musu aure har ranar da muka binne ta, gidana da nata bai taɓa wuce tafiyar ƙafa ba. Shi ya sa idan na ji baƙi suna ba da labarinta kamar sun taɓa cin abinci da ita, sai raina ya ɓaci.

A gonar auduga aka haife ta, can wajen Schulenburg, cikin tarin 'ya'ya. Ba ta da kyau na a zo a gani, ga ta da baki kamar reza. Abin da Allah ya ba ta shi ne ido da hannu. Tana iya zura zare a allura mota na gudu. Da ta gama makaranta ta tsere wa auduga, ta kama aiki a shagon wani mai ɗaukar hoto a Galveston, inda ta koyi share ƙuraje daga fuskokin amare a hoto da sa wa jarirai ɗan ja a kumatu. Takan ce rabin matan garin nan a hannunta suka yi kyau.

Alvin a matatar mai yake aiki, don haka suka zauna a Dickinson kusa da ni. Lokacin da aka share makiyayar shanu a bakin Clear Lake aka gina cibiyar 'yan sama jannati, kowa a yankinmu ko ya sami aiki a can ko ya san wanda ya samu. Verna ta sami wuri a ɗakin wanke hotuna na wani kamfani da ke yi musu aiki.

Ainihin fim ɗin da ya je wata ya dawo, ko da wasa ba ta taɓa riƙe shi ba. Nata aikin can ƙarshe yake. Idan an buga hoto a takarda, ƙura ko ɗan zaren riga yakan bar farin ɗigo, sararin wata kuwa baƙi ne ƙirin, sai ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro. Verna ce ke zama da gilashin ƙara girma da wani ɗan siririn buroshi, ta lashi bakinsa, ta dangwalo tawada, ta toshe ɗigon. Haka za ta wuni. Ta dawo gida harshenta baƙi-baƙi, rigarta na warin tsami, Alvin yana tsokanar ta wai ya auri gwangwanin kokwamba mai tsami.

Ba ta ɗauki 'yan sama jannatin nan a bakin komai ba wajen ɗaukar hoto.

"Maxine, zo ki ga ikon Allah," ta ce da ni wata rana tana baza hotuna a teburin kicin. "An aika ƙatti har wata, sun ɗauko mana hoton gwiwarsu. Wannan inuwarsa ce. Wannan rana ta ƙone shi. Wannan kuma ko uwarsa ba za ta gane mene ne ba."

Irin waɗannan da suka lalace wajen bugawa akan bar wa ma'aikata su tafi da su. Duk da zagin da take musu, su ta fi so. Ta ce idan ta dube su sai ta ga mutum a tsaye can nesa da gida, hannunsa cikin safa mai kauri irin ta ciro burodi daga tanda, yana haki yana ƙoƙarin danna kyamara. Ta tara su a wani gwangwanin biskit, ba ta nuna wa kowa sai wanda ta ga dama.

Ta yi aikin har aka daina zuwa wata, ta ci gaba da wasu hotunan, ta yi ritaya. Alvin ya rasu. Ta koma noman tumatir a bayan gida da gasa wa coci burodin zaƙin nan da ake kira kolache. Da nan labarin ya tsaya, da ban ɓata bakina ba.

'Yarta ɗaya, Rhonda. Aurenta na farko ya mutu, sai ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago, ta kwaso mana Darrell Sikes. Babu sana'ar da bai taɓa ba: ya sayar da tsofaffin kwale-kwale, ya yi kiwon tana don masu kamun kifi, ya bi gida-gida da na'urar tace ruwa. Taba yake taunawa, kumatunsa kullum a kumbure, yana tofa yawun cikin gwangwanin lemo, ya ajiye duk inda ya ga dama. Akwai ranar da na ɗauki irin gwangwanin nan a kan firjin Verna har na kai baki, warin ne ya cece ni. Amma fa akwai daɗin baki. "Mama Verna" sama, "Mama Verna" ƙasa, har kwanukan abinci yakan taya ta wankewa.

Wata shekara ranar bikin Godiya, bayan an cinye talotalo, ya fito da kyamarar bidiyo.

"Mama Verna, don jikoki," ya ce. "Wata rana za su tambaya wace ce kakarsu. Ba mu labarin aikin wata mana."

"Kai Darrell, bari in sa haƙorana tukuna."

"Haba Mama, a haka kin fi kyau. Mu kaɗai za mu gani."

Ta ɗan kurɓi giya a ranar, ga ciki ya cika, ga jikoki a ƙafafunta. Ta saki baki. Ina zaune a gefe, na ji komai. Ya tambaye ta me ya sa ba a ganin taurari a hotunan. Ta ce, "Taurari? Ai ba sa fitowa tun asali, hasken rana ya yi yawa. Fararen ɗigogin da kake gani ƙura ce, ni nake share su." Ya tambaye ta ko aikin na da yawa. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, rabin baƙin sararin nan tawadata ce." Muka kwashe da dariya. Da za su tafi ya roƙi aron gwangwanin biskit, wai zai sa a yi wa hotunan jaka mai kyau. Ta ba shi.

Sai da bazara ta shigo na sami labari, a wajen gyaran gashi. Mai shagon tana naɗe mini gashi ta ce, "Ashe matar yayanki ta yi suna? Mijina ya sayo kaset ɗinta a kasuwar gwanjo ta Pasadena." Ta aiko mini da shi da yamma. A bayan kwalin ga Verna, baki a shafe babu haƙora, ido a zare. A sama an rubuta da jan harafi: tsohuwar da ta zana wata ta tona asiri.

Na yi ta jujjuya abin a raina, amma na ga gara ta gani a ɗakina da ta ji a coci. Na kira ta, na zuba mata shayi mai ƙanƙara, na saka kaset.

An sa wani kiɗa mai ban tsoro. Muryar Darrell ta fito, ya ƙara mata kauri, yana cewa wai ya sha wahala kafin wannan baiwar Allah ta yarda ta yi magana, don tana tsoron a kashe ta. Sai ga Verna. "Taurari?" in ji ta. Hoton ya ɗan yi tsalle. "Ni nake share su." An yanke dariyarmu, an yanke jikokin. "Rabin baƙin sararin nan tawadata ce." Aka maimaita wannan, aka sake maimaitawa a hankali, ana matso da bakinta har ana ganin dasashi.

Daga nan ya fara nuna hotunanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami mai kauri, ya zagaye nan, ya ja kibiya can, wai ga fitilar ɗakin ɗaukar fim, wai ga inda aka manta waya, wai duk shaida ce ba a taɓa zuwa wata ba. A gefen hoton gwiwar nan da take so, ana ganin shatin babban yatsa, ruwan ƙasa-ƙasa. Na san ko yawun mene ne.

Verna ta tashi ta shiga banɗaki, na ji tana amai. Da ta fito ta goge baki ta ce, "Ran Lahadi za su zo cin abinci. Ki zo."

Na je. Ta gasa naman ƙirjin sa kamar kullum, ta bari kowa ya zuba, sannan ta ajiye kaset ɗin a gaban farantin Darrell. Ko gezau bai yi ba. Murmushi ma ya yi.

"Au, kin gani? Mama Verna, da na so in ba ki mamaki. Kin san har daga Arizona ake aiko neman sa?"

"Ka yarda da abin da ka faɗa a ciki?"

"Wa? Ni?" Ya yi dariya har ya ƙware. "Haba Mama, ai na san sun je. Kawuna ma ya zuba kankare a cibiyar nan. Amma mutane abin da suke so su ji ke nan. Wa ya cutu? Wata ne zai kai ni ƙara?"

Da a ce mahaukaci ne ya yarda da shirmensa, da na ji tausayinsa. Na dubi Rhonda. Kanta na ƙasa, tana yanka naman da ta riga ta yanka. A ƙofar gida kuwa ga sabuwar motarsu tana sheƙi.

"Ke kin sani?" Verna ta tambaye ta.

"Mama, ba da wata manufa ya yi ba. Kin san yadda abubuwa suka tsaya mana."

"Ina hotunana?"

Darrell ya goge maiƙo a wando. "Yawancinsu sun tafi. Masu saye na son wanda ya fito daga hannunki. Anti Maxine, miƙo mini wake."

Verna ta miƙe, ta ɗauke farantinsa yana tsakiyar ci, ta buɗe ƙofar baya ta juye wa kare. Ta ce, "Tashi ka fita, ka tafi da gwangwanin yawunka. Ke kuma ƙofata a buɗe take gare ki da yaran, amma kar ki sake ambata mini sunansa." Ya fita yana cewa tsufa ne ke damun ta. Rhonda ta bi shi.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Mutane suka fara tsayawa da mota a gaban gidan suna ɗaukar hotonta tana ban ruwan tumatir. Wani ƙato mai gemu ya durƙusa a ƙofarta yana hawaye, yana gode mata da jarumtarta. Ta ce masa ƙarya ce duka, an je wata, ita ƙura kawai take sharewa. Ya gyaɗa kai ya rage murya ya ce, "Na gane, Mama. Suna sauraro, ko?"

Ta je wajen wata ƙaramar jarida ta garinmu ta faɗi gaskiya, aka buga a shafin ciki kusa da tallan taya. Darrell ya yanko shafin ya yi kaset na biyu da shi, wai ga shaida an yi mata barazana. Ta nemi lauya, ya ce za a daɗe ana shari'a, kuma 'yarta za ta tsaya a ɗaya ɓangaren. Ta haƙura.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne taron tsofaffin ma'aikatan ɗakin hoto da suke yi kowace kaka a wani gidan cin jatan lande. Ni na kai ta. Wasu sun rungume ta, sun ce sun san halinta. Amma matar da suka yi shekaru suna zama kujera kusa da kujera ta ɗauke kai, ta ce da na kusa da ita yadda kowa zai ji, "Wasu dai ba su da abin da ba za su sayar ba." Verna ta ɗauki jakarta. A mota ta ce, "Da ni ce na ga kaset ɗin nan da fuskarta a ciki, haka zan faɗa." Ba ta sake zuwa ba.

Daga baya ganinta ya tafi, kamar yadda yakan yi wa masu irin aikinta. Rhonda takan zo ita kaɗai ta yi mata wanki ta tafi. Ba ta rabu da Darrell ba, har yau suna tare. Kaset ya koma intanet, jikokin Verna suka girma abokansu na tsokanar su da shi.

Ta rasu a gidanta, ina riƙe da hannunta. Ranar jana'iza cocin ya cika, amma bayan dangi da matan coci, sauran duk ban san su ba. Darrell ya tsaya a wajen ajiye motoci cikin baƙar kwat, ya buɗe bayan motarsa yana sayar da kaset ɗin, mutane sun yi layi. Limamin cocin ya aika a ce ya rufe, ya rufe rabi.

Muna fitowa daga maƙabarta wani siririn mutum mai tabarau ya tare ni, ya cire hula cikin ladabi.

"An ce ke ce ke wajenta a ƙarshe. Don Allah, ta faɗi wani abu?"

"Ta faɗa," na ce.

Ya matso, numfashinsa na warin albasa.

"Ta ce miyar kazar da na kawo mata ba gishiri."

Ya juya maganar a ransa. "Ba gishiri," ya maimaita a hankali, idonsa na ƙyalli. Ya gode mini, ya juya da sauri ya nufi abokansa. Ni kuwa na ce wa jikan Verna ya kawo mota kusa, ƙafafuna sun gaji.