Itace Biyu a Bakin Gonar Baba

Zuciyar kakana na gada, kowa a gidanmu ya san haka. Baba kuwa, in ka taka shi sai ya tambaye ka ko ƙafarka ta ji ciwo. Wannan hali nasa ya sha ba ni haushi tun ina ƙarama, amma bai taɓa ƙona ni kamar a shekarar farin nan ba, wadda ta zo bayan an canza kuɗi, tsofaffi suna ta rikicewa da naira da kwabo.

Ƙauyenmu 'yan gidaje ne tsakanin Kusada da Mawashi. Asalinmu Maguzawa ne, kuma kakana ya yi suna wajen kafin gona. Sanda yake kafawa a bakin gona, ya ɗaura mata ƙaho da gashin tsuntsu, wai duk wanda ya taɓa amfanin gonar cikinsa zai kumbura. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma ana cewa har awaki kewaye gonarsa suke yi. Baba ya karɓi bishara tun ba a haife ni ba, ya tattara kayan tsohon ya zuba a tsohuwar rijiya. Duk da haka bakin mutane bai saki ba. Ya yi shekara talatin yana zuwa sujada ranar Lahadi, amma a bayan idonsa ɗan mai kafi suke ce masa.

A shekarar ina gida da goyo. Mijina ya tafi Kaduna neman aikin masaƙa, ya bar ni wurin Baba kafin ya sami ɗaki. Mahaifiyata ta riga ta rasu, saboda haka ni ce mai tukunya, ni ce kuma mai leƙa rumbu kullum in ga inda hatsi ya tsaya.

Baba yana da aboki guda, wani Bafillace da muke kira Baffa. Kowace shekara bayan girbi yakan sauka a gonarmu da shanunsa, su ci kara su bar mana taki. Da haka suka fara, har abin ya wuce kara da taki. Akwai butar da Baba ya ajiye a zaure, ba mai taɓa ta sai Baffa in lokacin salla ya same shi a gidanmu. Ranar Kirsimeti shi ake kira ya yanka mana akuya, don shi da iyalinsa su iya ci. Yana ce wa Baba kaɗona, Baba yana ce masa mai sanda, su zauna a gindin tsamiya rabin yini ba su yi magana goma ba. Matarsa, Goggo, ita ta kawo mini man shanu da na haihu, ta zauna ta gasa mini jiki kamar ita ta haife ni.

Ruwa ya ɗauke a shekarar tun gero bai yi ido ba. Abin da ya tsira mana shi ne 'yar dawar da ke kwari, a ƙarshen gonar, inda ƙasa ke riƙe laima. A kanta na ɗora duk lissafin rayuwarmu har damina. Su Baffa kuma sun iso da wuri, don ciyawa ta ƙare a arewa, suka yi ruga a gefen burtali suna jiran mu girbe.

Wata Lahadi muna majami'a, wata saniyarsa ta faɗi don yunwa. Yana can yana fama da tada ta, sauran garken suka keta shinge suka faɗa kwarin. Da muka dawo da azahar, abin da na gani kara ne a tattake da kashin shanu. Na tsaya da yaro a baya.

Na ce, "Baba, mu tahi wurin mai gari."

Ya ce, "Mu ce mishi mi?"

"Mu ce mishi shanu sun cinye muna dawa mana! Ko sai mun mutu za ka yi magana?"

Ya duƙa ya ɗauki wata zangarniya da ta tsira, ya kakkaɓe ta, ya sa a aljihu. Ya ce, "Yunwa ta kawo su. Ita ce kuma ke son kai ki wurin mai gari. Mu tahi gida."

Na bi shi ina masifa har ƙofar gida. Ban bar komai ba. Na ce masa haƙurin da ya wuce wuri wauta ne, na ce da kakana ne da ko kaza ba ta isa ta shiga kwarin nan ba. Ya wuce ɗakinsa.

Kwana ɗaya, kwana biyu, Baffa bai zo ba. Yanzu da na tsufa na san kunya ce ta ɗaure shi, irin kunyar nan tasu da ta fi ciwo zafi. A lokacin raini na ɗauke ta. Baba ma bai je ba. Ya ce in ya je yanzu za a ce biyan ɓarna ya zo nema, a bari kunyar ta huce tukuna. Dattawa biyu, tafiyar da ba ta kai shan taba ba tsakaninsu, kowa ya zauna yana ganin girman ɗan'uwansa, ni kuma ina tsakiya ina tafasa.

A rana ta uku Baba ya ɗauki gatari ya saro itacen geza guda biyu, dogo da gajere. Ya gitta su, ya ɗaure da igiyar rama, ya kafa daidai inda shanun suka keta shingen.

Na ce, "Wanga kuma na mi ne?"

Ya ce, "Kin hi ni sani, ke kika yi makaranta."

Na sani mana, gicciye ne. Ni ce ma nake koya wa yara labarinsa ranar Lahadi. Amma haushi ya ƙara kama ni. Na ce a raina, an cinye mana abinci, shi kuma ya tsaya yana yi wa gona ado.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, a duk yankin ba mai sanin gicciye sai mu. Majami'armu ɗakin ƙasa ne da jinka, ba wata alama a waje. Mutane suka ga ɗan mai kafi, an ci masa gona, ya yi shiru kwana uku, sannan ya kafa itace a bakin shinge. Me kake so su ce? Kafin sati magana ta game rijiya: ya koma gado, kuma wannan kafin ya fi na ubansa, tunda ko ƙaho bai sa ba. Ba wanda ya iya fuskantar Baba da zancen. Ni kuwa na ji da kunnena, na ja gugana na yi shiru. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji. Karo na farko ke nan da na ga ana tsoron gidanmu.

Ranar kasuwar Kusada na je sayen gishiri da kanwa. Ina cikin ciniki na ji an riƙe mini gefen zane. Goggo ce. Ta rame, ƙwaryar nononta ko rabi ba ta kai ba. Ta ja ni bayan rumfa, ta shafa kan yarona, ta daɗe tana gaisuwa ba ta dube ni ba. Sannan ta ce shanunsu biyu sun mutu a satin. Kowa ya san yunwa ce ta kashe su, a shekarar shanu faɗuwa suke yi ko'ina. Ni ma na sani.

Ta ce, "Ɗiyata, don Allah ki hwaɗa mini. Abin nan da babanki ya kafa, mi ne shi?"

Na ce, "Gicciye sunanshi."

"Mi aka yi da shi?"

Na dube ta, na tuna rumbunmu. Na ce, "Mutum aka rataya a kai har ya mutu."

Hannunta ya saki zanena. Ta ce a hankali, "Yana da makari?"

Sauran labarin yana kan harshena. Na san shi kamar sunana, yara 'yan shekara biyar ma na koya wa. Amma na ce, "Ban sani ba, Goggo. Ku tambayi wanda ya kafa."

Ta ciro ɗan curin man shanu daga ƙwarya ta miƙo mini. Na ce ta bar shi, muna da shi. Ba mu da shi. Na juya na tafi ina jin kaina wata jaruma, na ce ko ba komai yau sun ɗanɗana abin da na kwana ina ji.

Bayan kwana biyu Baba ya ce kunya ta isa haka. Ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya ƙulla goro, ya auni gero mudu ɗaya daga ɗan abin da ya rage mana, ina kallo ina cizon leɓe, ya nufi ruga. Bai daɗe ba ya dawo da geronsa. Rugar ba kowa, sai toka da turaku. A bakin gonarmu kuma, nesa kaɗan da gicciyen, sun ɗaure karsana guda a jikin kalgo, wadda ta fi sauran ƙwari a garken.

Baba bai ko shiga ɗaki ba. Ya kwance karsanar ya ja ta ya bi sawun garken. Kwana uku ya yi. Ya kai Kankia, ya zaga masu saida shanu yana tambaya. Wani ya ce sun yi kudu wajen Zariya, wani ya ce gabas suka nufa. A shekarar duniya duk tafiya take yi, wa zai lura da garke guda? A can ne wani dillali ya dube shi ya ce, "Au, kai ne mai kafin da ke kashe mutum?"

Ya dawo da la'asar, ƙafafunsa sun kumbura, karsanar tana biye da shi. Ya ɗaure ta, ya zauna a kan turmi. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

Ya ce, "Don kaina hwa na kafa shi. Kina ganin ba ni da zuciya? Ɗan wa ne ni? Kullum na je gonar nan na ga karan nan a ƙasa, ji nake kamar in ɗauki gatari in tahi ruga. Sai in dubi itacen in tuna Almasihu. Waɗanda suka buga mishi ƙusa ya ƙaunace su, ya yahe musu tun ba su roƙa ba. In shi ya yahe jini, ni mi ne dawa? Sai zuciyar ta kwanta, in samu in yi aiki. Gobe kuma ta sake tashi, in sake duba."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Sannan ya ce, "Abin da ban gane ba, wa ya ce musu yana kisa?"

Da kuka na yi da ya fi. Amma ni da faɗa na fara. Na ce ni ce, kuma ban yi ƙarya ba, ai mutum aka rataya a kai, ko ba haka ba ne? Na ce su suka fara, su suka ƙi zuwa. Na ce ɗana zai sha kunun haƙuri ne? Ina magana muryata tana tsinkewa, don na san baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ya riga ya yanka.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ba ki yi ƙarya ba. Rabi kika ba ta."

Na so ya mare ni. Wallahi na so ya kore ni, ko ya yi sati bai ci tuwona ba, in san an hukunta ni an gama. Bai yi ko ɗaya ba. Washegari na fito shara, sai ga itacen geza biyu a gitte, ɗaure da igiyar rama, a tsakar gida, daidai inda in ya fito daga ɗakinsa zai gan su kafin ya ga ƙofata. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ban tambaye shi ba. Wannan karon ba na bukatar a fassara mini.

Kowace safiya zai fito, ya tsaya ya dube shi, wani lokaci ya daɗe, sannan ya juyo ya amsa gaisuwata da fara'a, ya karɓi jikansa. Ba a taɓa yi mini hukuncin da ya kai wannan ciwo ba, kuma ba hukunci ya nufa ba.

Mun sha wuya a shekarar, har tafasa da ganyen rama sai da muka wuni a kansu. Bai saida karsanar ba, ya ce ta mai sanda ce, ajiya aka ba shi. Da rani ya yi mijina ya aiko na tafi Kaduna. Na zo ganin gida bayan shekara, gicciyen yana nan, sabon itace, don gara ta ci na farko. Na sake zuwa, yana nan. Sai a zuwa na uku na tarar da tsakar gida fili. Na dubi wurin, na dubi Baba. Ya ce, "Ya hwaɗi da damina, ban ga amfanin sakewa ba. Shiga ki dama mini kunu."

Na shiga madafa na yi kukan da ban yi ba shekara uku. Ni ina gani aka yafe mini, da ranata da shekarata. Su Baffa kuwa ba su sake saukowa ƙasarmu ba har Baba ya rasu. Na yi shekaru ina leƙa fuskar masu tallar nono a kowace kasuwa na shiga, ko zan ga Goggo in ba ta sauran maganar. Ban gan ta ba.