Bahago Ya Ajiye Sanda

Na Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Da safiyar Talata, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran abokina kuma yayana a sana'a, wanda duk mai bin wasan golf ya sani da Bahago, bayan doguwar jinya. Ina filin atisaye ina gyara wa wani ɗalibi riƙon sanda 'yarsa Auta ta kira ni. Ta yi sallama, ta ce, "Baba Dogo, Abba ya cika." Na koma gindin wata bishiya na zauna a kan ciyawa.

Bahago, mun daɗe da sanin wannan ranar na tafe, amma sanin bai rage mana komai ba.

Ranar da na fara ganinka ina sabon shiga ne, na zo gasata ta farko ta ƙwararru. Motar da ta kawo ni ta sauke ni a bakin ƙofa, ta wuce da jakar sandunana. Ina zaune a ɗakin canza kaya na haɗa kai da gwiwa ka shigo. A lokacin sunanka ya riga ya zagaya, ni kuwa ba wanda ya san ni. Ka tsaya a kaina ka ce, "Kai dogon nan, lafiya?" Da na ba ka labari sai ka dubi jakarka ka yi dariya, ka ce, "Lallai yau ba ka da sa'a. Wanda zai ara maka, sandunansa duk na hagu ne." Sai ka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya kana karɓar sanda guda a hannun kowa. Wanda ya noƙe ka tsaya masa a kai har kunya ta kama shi. Jakar da ka haɗa mini kamar kayan gwanjo: wata sanda ta yi mini tsawo, wata gajarta, wata robar mariƙinta ta saɓule. Da su na buga har na tsallake zuwa zagaye na gaba. Sunan Dogo kuma ya bi ni daga wannan ɗaki har yau, 'ya'yanka ma da shi suka san ni.

Wanda bai ga wasanka ba ya yi rashi. Ba ka gaggawa. Kana ɗaga sanda a hankali kamar mai gudun tashin jariri, amma idan ta sauko sai ƙwallon ta ɓace wa ido. Ramin yashi, inda kowannenmu ke addu'ar kada ƙwallonsa ta faɗa, kai nan ne wurin hutawarka. Mun yi shekaru muna yawon gasa tare, ɗaki ɗaya, mota ɗaya. Ka doke ni har na daina jin zafi, kuma ranar da na doke ka kai ka fara rungume ni.

Sai ga gasar nan da ke buɗe wa mutum ƙofar manyan wasannin duniya, wadda ka yi rayuwarka kana jira. Rukuni ɗaya aka sa mu, saboda haka a gabana aka yi komai. A ramin ƙarshe ƙwallonka ta tsaya kusa da rami, tazarar ba ta kai kamu guda ba. Idan ta shiga, gurbin zuwa manyan wasannin ya zama naka. Bugu ne da ko a barci kake za ka iya shi. Ka sunkuya, ka daɗe a sunkuye. Na ga kan sandarka yana rawa a kan ciyawa. Ka ja da baya, ka goge tafin hannunka a wando, ka dawo. Da ka buga, ƙwallon ta bi gefen ramin ta wuce. Ka cire hula, ka je ka miƙa wa matashin da ya samu gurbin hannu, ka yi masa fatan alheri da fuska a sake.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗuwar ciwo. Da fari cewa aka yi tsoro ne ya kama ka. Da aka fara ganin shayi yana zuba daga kofinka a ɗakin cin abinci na kulob, sai aka ce shaye-shaye ka fara, kai da ko warin taba ba ka so. Wata jarida ta buga maganar a fakaice. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinka ya janye. Masu rububin ɗaukar hoto da kai suka koma gaishe ka daga nesa. Ka ci gaba da zuwa gasa kana faɗuwa tun a zagayen farko, ba ka taɓa ɗaga murya ga kowa ba.

Sai daga baya likita ya gano ciwon jijiyoyi ne mai sa karkarwa, wanda ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. A wurin ajiye motoci na asibiti ka gaya mini. Ni ina hawaye, kai kana murmushi. Ka ce, "Dogo, ka taya ni gode wa Allah. Ashe ba tsoro ba ne." A nan na gane cewa duk tsawon lokacin nan kai ma ka yarda da maganar mutane, kana kwana kana tashi da ita. Na ce bari in je gidajen jarida a wanke sunanka. Ka ce, "Bar su. Wanda ya tambaye ka, ka gaya masa gaskiya." Kaɗan ne suka tambaya.

Da matata ta rasu na rufe kaina a gida, na rantse ba ni ba fili. A lokacin tuƙi ya gagare ka, amma kullum da safe sai ka hawo motar haya ka zo ka zauna a falona, ba ka wa'azi, ba ka dogon zance. Wata safiya ka jawo jakata daga bayan ƙofa ka rataya a kafaɗa, ka ce, "Tashi mu je. Kai ka buga, ni zan ɗauka." Haka mutumin da ya cika kabad da kofuna ya bi ni rami bayan rami yana ɗauke da jakata, sandunan suna ƙara a bayansa saboda rawar jikinsa. Wannan tafiyar ce ta dawo da ni cikin mutane.

Ciwon bai raga maka ba. Ya ƙwace sanda, ya ƙwace cokali, ya ƙwace maɓallin riga, a ƙarshe ya shiga murya. Maman Auta ce ta zama hannayenka: ita ke aske maka gemu, ita ke riƙe maka kofi, ita ke fassara mana maganarka idan ta sarƙe. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Falon da a da ba a samun wurin zama ya koma daga ni sai ita sai ƙarar agogon bango.

Fitarka ta ƙarshe, roƙo ka yi a kai ka ka ga Auta, wadda ta ɗauki sana'arka, tana buga gasa. Muka tura ka a keken marasa lafiya har gefen fili. Ranar ba ta yi mata kyau ba, ta fito tana ɓoye fuska. Ka jawo ni kusa ka ce, "Tana saurin ɗaga kai. Ka gaya mata." Har na juya, ka riƙe mini riga. "A'a, ba yau ba. Yau ka ce mata na ji daɗi."

Kafin a rufe ka na shiga na kama hannunka. Ya natsu, karo na farko cikin shekaru masu yawa. A wajen jana'iza manyan kulob ba su taka kara sun karya ba, amma masu yankan ciyawa da masu ban ruwan fili sun zo gaba ɗayansu, wasu da takalman aikinsu. Babbansu ya gaya mini cewa tun kana tashe ba ka taɓa wuce ɗayansu ba tare da ka tsaya ka tambayi lafiyar iyalinsa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka. Ka sa jinyar da ya sha da maganganun da ya haɗiye su zame masa kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka miƙa masa littafinsa a hannun dama, Ka sada shi da iyayensa a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman Auta, Allah Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ga 'ya'yansa da 'yan'uwansa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fili ya tafa masa. Ke kuma Auta, Allah Ya ba ki haƙuri. Ki yi kukanki, ba mai gaggauta ki. Ranar da kika shirya ki kira ni, akwai saƙon Abbanki da ban isar miki ba tukuna.

Allah Ya kyautata namu bayan nasa.